Tarhon da Na Ce Daga Tafki Ya Fito

Wautar da na yi ita ce na shirya ƙarya da bakina, na zo na fi kowa jin tsoronta.

Yayata ce za ta gwajin aikin ɗaukar waya a wani ofis a Yelwa. In ta faɗi, sai ta koma ƙyafe kifi tare da Inna, ga hayaƙi ya riga ya mayar mata da idanu kamar gauta. Matsalarta gaisuwa. In ta fara, sai ta tambayi lafiyar kakan mutum da akuyarsa. Aka ce mata a ofis sallama ce kawai, sai sunan wurin, sai ta tambayi mai magana. Kuma komai wuya, ba a riga mai kira ajiye waya.

Na tsinto mata wani mataccen baƙin tarho a juji, igiyarsa a tsinke, don ta riƙa gwadawa, ni kuma ina laɓewa bayan zana ina muryar manya. Don ƙarin armashi na ce masunci ne ya jawo shi da koma daga ƙasan tafki, inda ruwa ya cinye garuruwa.

"Allah shi shirye ka," in ji ta.

Wata rana bayan azahar, gida tsit, ina shigowa zaure na jiyo ta tana cewa, "Ina jinka, ranka shi daɗe. Wa ka magana?"

To, ni dai ga ni a zaure. Wa ke bayan zana?

Na same ta tsaye, tarho a kunne, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta kira ni da ido. Na kara kunnena. Can ciki wani siririn sauti ke tashi, kamar tsoho na magana da ruwa cike da baki. Sai ya yi shiru kamar mai jiran amsa. Sai ya sake.

"Yaya, aje shi!"

"Shi bai aje ba," ta raɗa mini.

Na ja da baya har na ci karo da zana. Ni na san daga juji na ɗauko shi, amma wa ya kai shi jujin? Kuma me ya sa igiyar ke warin laka?

Yaya kuwa ta ce, "Yi haƙuri, layin bai da kyau. Sake faɗi." Haka ta tsaya har abin ya yi shiru don kansa. Ta ce ta gode, ta ajiye da hannu biyu.

Ranar gwaji layin ofis ya yi ta shuu babu murya. Sauran masu neman aikin suka kife waya. Yaya ta riƙe tana ba da haƙuri har muryar mai gwajin ta fito, aka ɗauke ta aiki. Tarhon kuwa, da Inna ta fasa shi da taɓarya, gidan zanzaro ne a ciki.