Kindirmo Cikin Injin Baba

Shekarar da albasa ta yi albarka a fadamarmu ta Wurno, Baba ya sayi mota. Ta hannu ce, ruwan toka, amma mai ita na farko ya riƙe ta da kyau. Tun kafin ta iso ya sa aka kwance raguna daga rumfar ƙofar gida aka mayar da su baya, aka share wurin aka zuba sabon yashi. Tela ya ɗinka wa kujeru riguna. Tuƙi kuwa a filin ƙwallon makarantar da nake koyarwa ya koya, da furfurarsa, bayan an tashi yara, don kada a ga lokacin da take mace masa.

Baba manomi ne kuma ɗan kasuwa, ya san abin da aiki ke yi wa kaya. Garma tana cinyewa, buhu yana yagewa, jaki ma bayansa yana yin gyambo. Don haka ya yanke hukunci cewa tafiya ce ke cin mota, kamar yadda take cin takalmi. Mai son motarsa ta daɗe, ya rage mata hanya.

Sai ya rage mata. Wuraren zuwanta su ne majalisarsu ta gindin dogon yaro, da rumfar da yake ajiye albasa, da masallacin Juma'a. Majalisar nan kuwa, idan Inna ta soya manja a gida, mutanen da ke zaune a can sun san abin da za mu ci. Amma Baba zai yaye tamfol, ya goge gilas, ya yi bisimilla, ya tayar da mota, ya gangara, ya kashe. Idan tafiyar Goronyo ko Rabah ta kama, sai ya lulluɓe ta, ya taka zuwa tasha, a matse shi da wani ƙato a kujerar gaba ta motar haya. Yana zama zai shaida wa direba, "Ina da mota gida. Hutawa taka yi."

Ba a daɗe ba hutun ya fara nuna kansa. Da safe idan ya murɗa makulli sai ta yi gurnani kamar tsoho mai mura, ta yi shiru. Nan za a aiko kirana, ni da yayana, magidanta masu iyali, mu naɗe hannun riga mu kama tura. Baba yana ciki yana ba da umarni ta taga. Sau da yawa kafin ta kama mun riga mun iso majalisa. Tana kamawa sai ya taka birki, ya kashe ta, ya fito yana gaisawa da mutane, mu kuma muna haki a baya. Yayana ya taɓa ce mini, idan za a auna, tafiyar da motar nan ta yi da ƙarfin tuwo ta fi wadda ta yi da fetur.

Aka sake batir, sabon ma ya bi sahun tsohon. Salansa ta fara ɗigar ruwa, daga baya ta huje, muryar motar ta koma ta injin ban ruwa. Bakaniken da ke duba ta mijin ƙanwarmu ne. Idan ya zo sai ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa, duk abin da Baba ya faɗa ya ce, "Haka na, Baba. Za a duba." Ya gyara ya tafi.

Wata safiya Baba ya buɗe murfin baƙin mai, sai ya ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki. Ya lakato da yatsa, ya shinshina, ya kira ni.

"Malam, mi na na wanga?"

Na ce ban sani ba.

"Kindirmo na. Wani yaz zuba min nono cikin inji."

Zargi ya faɗa kan wata Bafulatana daga rugar wajen Dinawa, ƙawar Inna tun muna ƙanana, wadda takan sauke ƙwaryarta a inuwar rumfar motar kafin ta shiga gida. Da ta zo ranar, Baba ya tare ta da yatsansa a sama. Ta dubi yatsan, ta dubi motar, ta gyara gammonta.

"Alhaji, ni da ka yawon biɗar mai saye, in ba ƙarhe kyauta? In motarka hura taka so, ta yi magana in dama mata."

Inna da ke jin su daga zaure ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Baba bai yi ba. Ya hana ajiye ƙwarya kusa da mota, ya sa aka yi wa rumfar turare, ya rataya laya a madubi. Suruki ya zo ya juye baƙin mai. Bayan 'yan makonni kindirmo ya dawo.

Ana cikin haka matata ta haihu, Baffan Goronyo ya zo suna. Taubashin Baba ne, ɗan goggonsa, tsohon direban tirela da ya yi shekaru yana kai albasa kudu. Mutum ne mai tumbi da babbar murya, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa da Baba ba tare da sun tsokani juna ba. Washegarin suna ya fito da goro a baki ya tarar da mu muna tura. Ya tsaya ya kalle mu tun daga rumfa har majalisa, ya ga Baba ya kashe ya fito. Sai ya zauna a kan dakali ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Da ya natsu ya sa aka buɗe bonet. Ya dubi murfin mai, ya sa aka ciro fulogi guda, ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Alhajin albasa, kai ka kashe motag ga da so," in ji shi. "In an ɗora tukunya bisa wuta, mi ka gani ga marhinta? Zuhwa. Haka inji. Duk sanda kat tashe ta, ruwa na taruwa ciki. In ta yi tahiya ta ɗau zahi sosai, ruwan shi bi hayaƙi shi hita. Kai ko kahin ta san an tashe ta ka kashe. Wani ruwan shi gauraya da baƙin mai, ga kindirmonka nan. Wani shi kwanta cikin salansa shi cinye ta. Batir ko, kowace tashi kana ɗibar mudu daga rumbu, tahiyar taka ba ta maido ko tahin hannu."

Baba ya ce, "Wa ka magana? Mutumin da yash shanya min albasa bisa titin kudu, tirela ƙahwahu sama? Kai za ka koya min riƙon mota?"

"Ai rannan saniya ta gitta min."

"Saniyar ma tsoronka taka ji."

Baffa bai ja ba. Bayan azahar ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli ya ji muryarta kawai, zuwa kwanar masallaci ya juyo. Baba ya ce sai dai yana ciki. Ya shiga gaba da 'yar shara da silifas ɗin alwala, carbi a hannu. Na tura, ta kama, Baffa ya leƙo ya ce, "Shigo, Malam." Na faɗa baya.

Muka iso kwanar masallaci. Baffa ya wuce.

"Ga kwanar nan!" in ji Baba.

"Na gan ta. Tana nan lahiya."

Muka wuce kasuwa, muka fita gari, muka hau babbar hanya. Baffa ya sa giyar da motar ba ta taɓa shiga ba tun zuwanta gidanmu. Ta yi tari, ta girgiza, ta tofar da wani baƙin hayaƙi da ya sa mai babur a bayanmu ya sauka gefe yana kaɗa hannu. Baba ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan yana jan carbi, yana haɗa salati da zagi. Ya ce Baffa ya tsaya. Ya ce zai gaya wa goggo, wadda ta rasu tun ina yaro. Baffa yana tauna goronsa, gwiwar hannu a taga.

Wajen Taloka muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya dubi dattijo da silifas da gumi, ya ce, "Baba, lafiya?"

"Ina lahiya? Sato ni yay yi!"

Fuskar jami'in ta sauya nan take. Ya ja da baya, ya gyara riƙon bindiga, abokinsa ya taso. Goron Baffa ya tsaya a baki. Ni na fito da hannuwa a sama ina rantsuwa cewa taubasai ne, wannan mahaifina ne, motar ma tasa ce. Baba da kansa ya fara ba da haƙuri. Jami'in ya kalle mu ya ce, "Baba, a wannan hanya ba a wasa da wannan kalma."

Muka ci gaba. Gaba kaɗan muka wuce mata da tsofaffi zaune a inuwar wani gini da tabarmi da tukwane, mutanen da suka baro ƙauyukansu saboda ɓarayin daji. Baba ya bi su da kallo har suka ɓace, ya ce Allah shi kawo sauƙi. Baffa ya ce amin, ya rage gudu.

Kafin mu shiga Goronyo hayaƙin ya yi sauƙi, girgizar ta kwanta. A ƙofar gidan Baffa, Baba ya ɗora tafin hannu a bonet ya janye da sauri.

"Ka dahe min mota."

"Yau ta hwara nuna," in ji Baffa. Ya sa aka kawo soyayyen kifin madatsar ruwan garin, ya ara wa Baba riga da hula, sannan ya miƙa masa makulli. "Ni na iso gida. Ku tashi tun da sauran rana."

Sai a lokacin Baba ya gane shi zai mayar da mu. Bai taɓa tuƙi a babbar hanya ba. Da farko amalanken shanu ma sai da muka yi shawara kafin mu wuce shi. Amma a hankali na ga ya saki kafaɗa, ya ƙara taka totur, har ya danna wa wata motar haya hon. Daga nan ni na karɓi carbin.

Washegari suruki ya zo ya juye mai, ya wanke fulogi, ya kai batir caji, ya liƙe salansa. Da na ba shi labarin abin da Baffa ya ce, sai ya waiga ya ga Baba ba ya kusa, ya ce a hankali, "Yaya, ta ina zan hwara gaya mashi?"

Safiyar da ta biyo ni da yayana muka fito kamar kullum, muka ɗora hannu a bayan mota. Baba ya murɗa makulli, ta tashi nan take ta bar mu a sunkuye.

Baba bai taɓa cewa Baffa ya yi gaskiya ba. A majalisa ya ce canjin iska ne ya karɓe ta. Amma daga lokacin, duk mako sai ya fita da ita shan iska, kuma ko majalisa zai je wani lokaci sai ya zaga ta Dinawa, ya ɓullo musu ta ɗaya gefen an kusa tashi. Kindirmo bai sake fitowa ba, Bafulatana ta koma sauke ƙwaryarta a inuwar rumfa, ba wanda ya ce mata komai.

Wadda ta fi kowa cin ribar abin ita ce Inna. Ba ta san giya ba, ba ta san birki ba, amma tana da ƙanwa a Rabah. Idan kewa ta kama ta, sai ta fara buga waya ta ji ko hanya lafiya. Idan aka ce lafiya, ta bari sai Baba ya gama kalaci ta ce, "Alhaji, jiya na ji muryar motag ga ta canza."

Baba zai fita ya tayar da ita, ya kara kunne kusa da bonet, ya daɗe yana saurare da fuskar likita. Sannan ya leƙo zaure ya ce, "Ni ma na ji. Ɗauko mayahinki."