Ustaz Shafik Mudawwar Ya Ajiye Alƙalami

Kullum da hantsi za ka tarar da Ustaz Shafik a barandarsa da ke unguwar Jummaiza a Beirut, ga gahawa, ga burodi mai zafi, shi da Garbis suna musu kan labarin jarida. Tun yana saurayi yake rubutu a jaridun Beirut kan zane da rawar bale, wadda ake yi a kan tsinin yatsun ƙafa, kuma abin da ya gada a kanta ya ƙare.

Matarsa Hayat ce ta fara kai shi kallon rawar, ya so Hayat har rai ya yi mata halinsa. Daga baya ya so Garbis, makaɗin fiyano, suka zauna gida ɗaya. Masu gulma sun yi har sun gaji. Wani ɗan'uwansa ya taɓa tsare shi: "Yaya, tsakani da Allah, wanne ne son gaskiya?"

"Duka biyun," in ji shi. "Sha gahawarka kafin ta huce."

Ranar da tashar jiragen ruwa ta fashe, makarantar rawa ta Madam Lamis ta ruguje. Iyaye suka janye 'ya'yansu, ita ma ta fara haɗa kayan barin ƙasar. Ustaz, da bandeji a goshi, ya same ta cikin ɓaraguzai.

"'Yata, ina zuwa?"

"Kawu, a ina zan koyar? A kan titi?"

"A falona."

Ya rabar wa maƙwabta kujeru da dardumomi, aka shimfiɗa katako, aka kafa madubai. Garbis ya riƙe baki ya ce, "Tsohon nan, baƙi kuma a ina za su zauna?"

"Su tsaya a kan yatsu kamar kowa."

Lamis ta kwance kayanta, yara suka dawo da ɗai-ɗai.

Kai ne inuwar masu rawa, Ustaz. Kai ne ka yi ta zarya gidan direban tasin nan da ya rantse 'yarsa Nuhad ba za ta yi rawa ba, har ya zo kallo ya fita yana share hawaye. Yau Nuhad ce ke koyar da ƙanana. Kuma alherinka bai rufe maka baki ba: har gobe Lamis ba ta manta ranar da ka rubuta cewa wasanta ya sa ka gyangyaɗi ba.

Yanzu ido ya yi rauni, ya daina rubutu, amma ranar wasa yana sahun gaba. Garbis kan zungure shi: "Ba ka gani, me kake tafa wa?" Sai ya ce, "Ina jin saukar ƙafarsu, kuma na san wadda ta sauka daidai."

Mun gode, Ustaz, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu hali, kada ku jira sai gini ya faɗi kafin ku buɗe ƙofa.