Yatsun da Mani Ya Ƙi Karɓa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Mani mai faci makwancinsa a Jibiya. Da muka dawo daga maƙabarta mun tarar da wata taya a jingine bakin rumfarsa, ya fara facinta bai ƙarasa ba. Har yau in na wuce ta wajen sai na duba, ko da yake tuni rumfar ta koma wurin sayar da fetur a kwalba.

Mani taubashina ne, ɗan gwaggona. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a wasanmu na gida bawana ne, kuma ban taɓa barin rana ta faɗi ban tuna masa ba. Shi kuwa ya laƙaba mini Mai Gishiri, sunan da ya bi ni har a tashar Magama, inda nake kamasho a bakin boda. Ba zan yi musu ba. In na ga akuya uku, garke na gani. In mota ta makara da minti goma, a bakina ta kwana biyu a hanya. Amma yau na yi alkawarin zuba gishiri daidai miya, domin maganar da zan yi ta hana ni sukuni.

Wanda bai san Mani ba zai yi mamaki in an ce mai faci ne ya fi kowa a garinmu sanin abin da majalisar dokokin jiha take tattaunawa. Karatunsa bai wuce aji uku na sakandare ba. Turanci yakan karanta shi kamar mai tsince tsakuwa cikin shinkafa, da yatsa a kan layi, da wani tsohon ƙamus wanda baƙin mai ya mayar da shi kalar taya. Amma duk direban da zai tafi Katsina sai ya ba shi saƙo: in an samu kwafin wani ƙuduri da ya shafi zaɓe, a riƙo masa. Wasu su kawo, wasu su naɗe ƙosai da shi a hanya. Abin da ya iso hannunsa yana shiga wani buhun taki da ya rataye a rumfa, ya rubuta a bayan takardar: an yi karatu na ɗaya, an yi na biyu, yana hannun kwamiti. Na sha gaya wa fasinjoji cewa buhun nan ya fi ɗakin ajiyar majalisa cika, har in takarda ta ɓace musu wajen Mani suke aikowa. Wannan gishiri ne. Amma buhun gaskiya ne.

Hujjarsa ɗaya ce. Zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna kowa ya san da zuwansu, har jakuna sun sani. Amma zaɓen kansila da na ciyaman, wanda dokarsa a hannun majalisar jiha take, shi ne ke wucewa kamar inuwar shaho, alhali kansila ne ya san rijiyar da ta rufta a unguwarku. Yakan ce doka kamar tuwo ce: lokacin talge ake gyara ta, in ta sandare a malmala sai dai a ci da haƙuri.

Ranar Lahadi, ranar kasuwa, yakan rufe rumfa bayan azahar ya zauna gindin wata dalbejiya ya fassara wa mutane abin da ke cikin takardun. In akwai abin da ya kamata a roƙi majalisa, sai ya rubuta wasiƙa, ya fito da wani gwangwanin man takalmi da ya cusa wa soso ya jiƙa da tawada. Amma yana da doka ɗaya da ta fi ta majalisa tsauri: ba mai dangwala yatsa sai an karanta masa wasiƙar daga bisimilla har ƙarshe, sannan ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Na taɓa ganin ya tsare wani tsoho mai sayar da kaji har kajin suka yi barci. Na ce masa da irin wannan tafiyar hawainiya, kafin ya tara mutum ɗari jikokinmu sun yi furfura.

To, ga abin da na aikata.

Wata shekara aka kawo ƙudurin gyaran dokar zaɓen ƙananan hukumomi, aka sa ranar jin ra'ayin jama'a. Mani ya rubuta roƙo cewa a sa a doka lallai a riƙa shelar ranar zaɓe da Hausa a kasuwanni tun da sauran lokaci, domin mutanen ƙauye sukan ji labari bayan an kwashe akwati. Aiki ya yi masa yawa, sai ya raba takardun sunaye biyu, ya ba ni rabi da gwangwani na biyu. A makon ne aka yi bikin 'yar Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, a Ɗan Isa, tsallaken boda cikin Nijar. Na tafi da takardun a aljihu. Na ga taro ya cika, kowa da babban yatsa biyu yana zaune ba aikin komai. Kafin a gama rabon goro na cika shafi bayan shafi. Na dawo na cakuɗa su da na Mani, na ce masa ya shirya babbar mota domin hannu ba zai iya ɗaukar sunayen da na tara ba.

Ina so mai karatu na nesa ya fahimce ni. A raina ban ji na yi ƙarya ba. Mu nan boda ba bango ba ce, layi ne da ya ratsa tsakanin mutum da surukinsa. Kasuwarmu ɗaya, makokinmu ɗaya. Jandarman Nijar da ke tsaron boda ya san sunan 'ya'yana. Hanyar da kansila zai gyara, baburan Ɗan Isa sun fi namu bin ta. Don haka da na miƙa wa dangin uwata tawada, gani nake 'yan gida na tara.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Lahadin da ta biyo baya Kawu Idi ya turo babur ɗinsa wajen Mani a yi masa faci, yana ta fara'a, ya tambaye shi ko takardarmu ta isa hannun manya, domin shi ma yatsansa na ciki, da na matansa, da na liman. Ina tsaye a wurin. Na yi addu'a ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Mani ya gama facin, ya ƙi karɓar ko sisi, ya raka Kawu har titi. Da ya dawo ya zazzage takardun a kan benci ya ce in ware masa na Ɗan Isa. Na kasa, domin na cakuɗa su sosai, kuma rabin sunayen iri ɗaya ne da namu. Na fara kawo hujjar kasuwa ɗaya da makoki ɗaya. Ya bar ni na gama.

"Mai Gishiri," ya ce, "dama jira ake a ce mutanen Jibiya ba a san na nan da na can ba. In aka tsinci yatsan Kawu guda cikin wanga tari, an samu dalilin zubar da na mutanenmu na ƙauyen Riko duka. Kai ka ba su wuƙar."

Bai ɗaga murya ba. Ya cusa takardun cikin murhun mai shayi. Saura kwana huɗu a yi zaman jin ra'ayin. Ya rufe rumfa, ya hau babur, ya bi Gangara da Riko da Farfaru, gona gona, yana karanta wasiƙar nan daga farko kamar bai taɓa karanta ta ba. Ya tafi Katsina da suna arba'in da ɗaya. Aka ba shi dama ya yi magana, ya yi, ya dawo ya ci gaba da faci. Wata guda bai amsa mini wasa ba. In na ce masa bawana, sai ya ce ina kwana.

Yanzu ga inda muke. Mani ya rasu kafin abin ya yi tsanani, kuma wani lokaci nakan ce Allah Ya yi masa sutura. Hanyoyin da ya bi a babur shi kaɗai, yau mutum ba ya bin wasu sai ya yi sallama da iyali. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka. Mutanen da suka dangwala masa yatsa, wasu suna rakuɓe a cikin gari a gidajen dangi da kangaye, wasu sun tsallaka Nijar. Katin zaɓensu yana ɗauke da sunan rumfar da ke ƙauyen da suka baro. Mutum yana da kati, yana da rai, yana da yatsa, amma akwatinsa na can inda ciyawa ta rufe ƙofar makaranta.

Kwanan baya na ji a rediyo za a sake duba dokar zaɓen ƙananan hukumomi, za a kuma saurari jama'a. Na tambayi mutanen tasha ko wani ya ga kwafin ƙudurin. Aka dube ni kamar na tambayi farashin jirgin sama. Ban zarge su ba; wanda ke neman abin da zai sa a baki da inda zai kwantar da 'ya'ya, ba ya tambayar karatu na biyu. Amma na san abin da Mani zai ce: talge ake yi yanzu. In aka kwashe tuwon nan ba a sa maganar 'yan gudun hijira a ciki ba, za su ci da haƙuri shekara da shekaru. Na ba wani direba saƙo, ya kawo mini kwafi. Na nemi wani malamin makaranta muka bi shi layi layi. Na rubuta wasiƙa. Na samu gwangwanin man takalmi.

Mutum na farko da na nufa ita ce Indo, matar Mani. Bayan takaba ta koma ƙauyensu a mazaɓar Gangara, can katinta yake. Da aka tashe su, ba kowa ya buɗe mata ƙofa ba sai Kawu Idi a Ɗan Isa. Duk hanya ina tunani: ga 'yar ƙasa ta haƙiƙa tana kwana a garin da mijinta ya ƙona takarda saboda shi. Da yana nan, zai karɓi yatsanta? Na tabbata zai karɓa, amma sai ya ga kati. Ban ma tambaya ba ta kwance bakin zane ta fito da shi, naɗe cikin leda uku kamar laya.

Na buɗe gwangwani na miƙa mata. Ta ɓoye hannunta cikin mayafi, ta ce ko na manta gidan wa ta zauna shekara ashirin. Dole na zauna na karanta. Na kai inda na rubuta cewa ƙauyukan sun zama kufai, ko ƙadangare bai rage ba, don haka a kwashe akwatunan duka a dawo da su gari. Ta ce in tsaya.

"Yayana na can," ta ce. "Da shi da tsofaffi shida. Sun ce ba su tahiya ko'ina. In ka ce ba kowa, aka ɗauke akwatin, su ina za su jefa tasu?"

Na san da yayanta. Kawai dai "ko ƙadangare" ya fi daɗi a baki. Shekara da shekaru bayan murhun mai shayi, ga ni na sake ɗauko wuƙa, wannan karon zan yanki mutum bakwai da ita don in burge kwamiti. Na soke layin. Muka gyara tare: a bar akwati inda mutane suka rage, a kuma sa a doka cewa wanda tashin hankali ya raba da gidansa yana iya jefa ƙuri'ar mazaɓarsa a wurin da aka keɓe cikin gari. Ta maimaita da bakinta, sannan ta dangwala.

Kawu Idi yana gefe a kan buzu, ya tsufa, ido ya yi rauni. Da ya ji ƙamshin tawada sai ya miƙo babban yatsa, ya ce ai shi ke ciyar da 'yan gudun hijirar, ya fi kowa son a ji kukansu. Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya raba rumbunsa da baƙi goma sha, wa ya fi shi haƙƙin magana? Na rufe gwangwanin na sa aljihu. Na ce masa, "Kawu, yi haƙuri, wannan ta masu kati ce." Ya daɗe da yatsan a miƙe kafin ya mayar da shi.

Zuwa yau ina da suna goma sha tara. Ba ɗari tara ba, ba dubu ba. Na ƙirga sau uku ko za su ƙaru. Kowane ɗaya sai da na karanta masa, har muryata ta dushe, ni da nake kiran fasinjan Maraɗi a ji ni a Katsina. Ban san ko za a saurare mu ba. Tsorona shi ne in shiga zauren nan in tarar daga duk yankinmu ni kaɗai na zo, ɗan kamasho da takarda ɗaya. Shi ya sa nake roƙon duk wanda wannan ya isa gare shi, a Jibiya yake ko a wata ƙaramar hukuma da aka tashi ƙauyukanta: ka nemi ɗan majalisarku ka tambaye shi kwafin ƙudurin, haƙƙinka ne. In ba ka iya karantawa, nemi wanda zai karanta maka, kada ka bar shi ya tsallake layi. Ka tambayi ranar zaman. In da hali ka zo.

Mani bai bar gida ba, bai bar gona ba. Buhun ma gara ta cinye shi. Abin da ya bari na gan shi a hannun Indo da ya ƙi fitowa daga mayafi, na kuma ji shi a nawa hannun lokacin da na rufe wa kawuna tawada, abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Allah Ya jiƙan bawana, Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar da mutanenmu gidajensu. Sunayen nan goma sha tara zan kai su yadda suke. In an tambaye ni nawa ne, zan ce goma sha tara.