Gidan da Inna ta ƙi kwana a ciki

Shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai aka ɗauke ni sakatare a wani kwamiti a Yamai, wanda aikinsa shi ne ba gwamnati shawara kan zanen gidaje da fasalin unguwanni. Ni mutumin Tawa ne, kuma burina ɗaya ne a lokacin: in samu gidan gwamnati in ɗauko mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Mahaifina ya rasu, ita kuma ciwon ƙafa ya matsa mata, ina so ta zauna kusa da likita.

Su bakwai ne 'yan kwamitin. Shugaban tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da siyasa ta ɗaga. Akwai wani ɗan kasuwa daga Maraɗi wanda iyakar saninsa da gini shi ne sayar da kwano da siminti. Sauran manyan ma'aikata ne da aka rasa inda za a ajiye su. A cikinsu babu wanda ya iya karanta zanen gini, babu kuma wanda zai yarda a gane hakan. Ni na ɗan iya, don na taɓa yi wa wani Bature mai awon filaye aiki. Sai dai dokar kwamitin ta ce sakatare ba ya magana a zama. In yana da abin faɗa, ya rubuta wa shugaba wasiƙa, ta hannun sakatare.

Wata safiya aka kawo zanen gidajen ƙananan ma'aikata da za a gina a wata sabuwar unguwa. Daga Faransa aka aiko shi. Aka shimfiɗa takardar a tebur, suka duƙa a kanta suna gyaɗa kai, shugaba na bin layuka da yatsa kamar mai duba. Daga inda nake zaune na hango kibiyar da ke nuna arewa, na bi ɗakunan da ido. Makewayin cikin gida yake, bango ɗaya da madafa, irin na zama, kuma duk wanda ya zauna a kansa alƙibla zai fuskanta sak.

Na kasa haƙuri, na kira shi da laƙabin girmamawa na Faransanci, na ce, "Mushe shugaba, a duba makewayin nan."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Mushe sakatare, kai rubutu aka ɗauke ka. Magana tamu ce."

Daga nan suka kama gardama kan fentin tagogi, kore ko shuɗi, har rana ta take. Ɗan kasuwan ya dage kan kore, wataƙila shi ke jibge a shagonsa. Aka amince da zanen baki ɗaya, da shawarar a yi tagogi kore. Na buga rahoton zaman, shugaba ya sa hannu, ni ma na sa nawa a ƙasa.

Na bi doka. Na rubuta wasiƙa, na miƙa wa kaina, na buga mata tambarin karɓa, na sa ta a jerin abubuwan da za a tattauna. Shugaba ya tura ta can ƙarshe, cikin “sauran batutuwa”. Ba mu taɓa kaiwa nan ba. Da an kira azahar sai su miƙe da sauri su nufi alwala, masu tsoron Allah, a ɗage sauran zuwa wani zama. Haka aka yi ta yi har aka gama gini, ni ma na daina tuna musu.

Aka ba ni ɗaya daga cikin gidajen, na aika aka zo da Inna. Ta zagaya ɗakuna tana dogara sanda, ta tambayi inda za a kafa turmi, na ce za mu san dabara. Ta ce in nuna mata gabas, na nuna, ta shimfiɗa tabarmar salla. Sannan ta ɗauki buta ta shiga makewayi. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta fito, butar cike.

"Wa ya gina gidan ga?" in ji ta.

"Gwamnati ce, Inna."

"Ba Musulmi ko guda wurin?"

Na ce duk Musulmi ne suka amince da shi. Na ƙara da cewa ai ana iya ɗan karkacewa in an zauna.

"In karkace a gidan ɗana? Ga kashi ga tuwo ɗaki guda, kuma ka fuskanci alƙibla? Ni ba ni kwana nan."

Kafin la'asar na kai ta Gudel, a gefen Yamai, wajen wani ɗan uwanmu mai lambu a bakin kogi. Washegari na fara neman izinin haƙa salga a bayan gida. Ofishin gidaje suka ce kwamiti ne ya amince da zanen, shi kaɗai zai taɓa shi. Na sami shugaba a ofishinsa, ya saurare ni yana sakace haƙori, ya ce su shawara kawai suke bayarwa, ba su da ikon ba da izini. Na raina mutumin nan a ranar fiye da yadda na taɓa raina wani mahaluƙi.

Inna ta yi 'yan makonni a Gudel, a ɗakin da ba nata ba. Sau ɗaya ta yarda ta ga likita, daga nan ta ce a mai da ita gida. A tasha na ba ta labarin komai, har da yadda 'yan kwamitin ke riƙe zane ba su san kansa da gindinsa ba. Ina tsammanin za ta yi dariya. Ta saurara har na gama.

"To, su ba su sani ba," ta ce. "Kai hwa? Ka gani, ka sani, kuma ka sa hannu."

Aka taimaka mata ta hau mota. Ba ta sake zuwa Yamai ba, a Tawa ta rasu da damina ta zagayo.