Malam Elisha, Mai Duba Takarda Kafin Ya Busa Usur

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin masu ƙosai na Ƙofar Wambai su kwashe kaskon farko, za ka tarar da Malam Elisha a filin sakandaren unguwarmu. Ya jingine tsohon mashin ɗinsa a gindin darbejiya, yana zagaye da buhu a hannu, yana tsince fasassun kwalabe da ƙusoshi. In ya gama sai ya ɗauko bokitin farar ƙasa ya sake jan layukan da aka tattake jiya. Shekara talatin da biyar ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in yaba masa tun yana ji da kunnensa.

Malamin wasanni ne, mutumin Bogoro, Kirista a tsakiyar unguwar malamai. Ku tambayi liman: kafin ladan ya sauke hannu daga kunne a kiran la'asar, Malam Elisha ya busa usur ya kora yara masallaci. Ku tambayi iyaye mata: shi ya bi gida gida har aka bar 'yan mata su yi gudu, da dogon wando da hijabinsu, matarsa Liatu na zaune a bakin fili.

Sai dai yana da wata al'ada da na daɗe ina yi wa dariya. Da lokacin rajistar JAMB ya zo, ɗan ajin ƙarshe ba ya taka fili sai ya kawo takardar rajistarsa. Malam zai ɗora tabarau a kan hanci, ya bi ta da yatsa layi layi, sannan ya ce a je a yi gudu. Na sha cewa, mai koyar da tsalle-tsalle, ina ruwansa da takarda?

To, ga Ni'ima, 'yar yayana Kabiru. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba a kama ta in ta yi laifi. Da ta girma ta ce ita malamar wasanni za ta zama, don a makarantarsu, inda Malam Elisha yake koyarwa, ba mace ko ɗaya da ke koyar da shi. Yaya bai so ba. Bayan dogon lallashi ya yanke magana: “Shekara ɗaya na ba ki. In jami'a ba ta ɗauke ki bana ba, ga keken ɗinkin uwarki can yana jira.” Wanda ya san Yaya ya san ba ya magana biyu.

Ni ne ɗan bokon gidanmu, don haka ni na raka ta rajista. Da aka zo zaɓen darussa, na ce ai karatun wasanni gudu ne da buga ƙwallo, me zai sa a wahalar da yarinya? Bayan Turanci na zaɓa mata Hausa da Addini da Gwamnati, inda na san za ta kwashi maki. Na fito ina jin kaina, har tsire na saya mata.

Washegari da yamma sai ga ta a ƙofar gida, ido ya yi ja.

“Bappa, Koci Elisha ya hana ni gudu. Ya ce in kira wanda ya cika mini fom.”

Na tafi da shirin faɗa. Na same shi riƙe da takardar, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya nuna da yatsa.

“Malam Mansir, ina Bayoloji?”

“Bayoloji kuma? Likita aka ce maka za ta zama?”

“Wanda zai koya wa yaran mutane gudu, ba sai ya san ƙashi da jijiya da bugun zuciya ba? Da wannan takardar, ko ta fi kowa maki a Bauchi, ba za su duba ta ba. Jibi ake rufe gyara.”

Wallahi sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Da hannuna na kusa zaunar da yarinya a kan keken ɗinki, ina murna na yi mata gata. Na tsaya ina kame-kame, shi kuwa bai ƙara ko kalma ɗaya da za ta kunyata ni a gabanta ba. Cewa kawai ya yi: “Ni ma wani mai ilimi ne ya cika mini tawa. Shi ya sa ban taɓa ganin cikin jami'a ba.”

Da safe ya goya ni a mashin ɗinsa muka je cibiyar rajista, Ni'ima ta biyo mu a keke mai ƙafa uku. Muka sha layi har azahar, aka cire Gwamnati aka sa Bayoloji. Saura mako bakwai jarrabawa, ita kuma rabonta da buɗe littafin Bayoloji da gaske an kwana biyu. Sai ya mai da fili aji. Ta zagaya sau ɗaya, ya tsayar da ita ta ƙirga bugun jijiyar wuyanta, ta faɗi ta inda jini ya bi. Ta yi tsalle, ya tambaye ta sunan ƙashin da ta dira a kai. Abin da ya fi ƙarfinsa ya kai ta wurin malamin Bayoloji, bai ji nauyin cewa bai sani ba.

Malam Elisha, kai ne ka ga ramin da mu masu takardun digiri muka taka ba mu gani ba. Kai ne ka rufa mini asiri a gaban 'yata. Wata biyar na yi ba na iya haɗa ido da Yaya, kullum ina lissafin abin da zan ce masa in sunanta bai fito ba.

Ranar Talatar da ta wuce sunan ya fito. An ɗauke ta sashen koyar da wasanni da kiwon lafiya. Na yi ajiyar zuciyar da sai da matata ta leƙo ta ga ko lafiya. Yaya ya karɓi takardar shaidar ɗaukarta, ya juya ta, ya ce, “To, Allah ya sa albarka,” ya shige ɗaki da sauri don kada mu ga fuskarsa.

Mun gode, Malam. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka a kan 'ya'yanka. Ku kuma malamai, da iyaye, da 'yan uwana masu cika wa yara fom da ƙarfin hali, ku yi koyi da shi: ku tambaya kafin ku zaɓa, ku sa wanda ya sani ya duba tun da sauran lokacin gyara.

Da yammacin ranar Talatar Ni'ima ta kai masa takardar can filin wasa. Na zaci zai yi tsalle. Ina! Tabarau ya ciro, ya ɗora a hanci, ya bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa, muna tsaye muna jira. Da ya kai ƙarshe ya ninke ta a hankali ya miƙa mata.

“Babu gyara,” in ji shi. “Je ki yi gudu.”