Hannun Daman Gidaɗo

Gidaɗo, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne, gidansa na gindin Goron Dutse. Shekarar rikicin 'Yan Tatsine ya fita neman ƙaninsa, suka tare shi a wani lungu. Suka kawo masa sara da adda a ka, ya kare da hannun dama. Addar ta tsaga shi tun daga wuyan hannu, jini na tsartuwa har jikin bango. A bakin kwata aka tsince shi, kusa da gawar ƙanin, wanda suka yi wa yankan rago.

A asibiti aka ɗinke jijiyoyin, aka sallame shi, amma yatsun suka dunƙule. Shi kuwa ya rantse ba zai sa hagu a kwanon da yake ci da dattawan unguwa ba. Liman ya ce lalura ce, bai ji ba. Matarsa Ma'u ta ce bari ta ba shi a baki, ya harare ta. Fura kawai yake kurɓa, har ƙasusuwan wuyansa suka fito.

Aka tura shi ɗakin gashin ƙashi na asibitin, inda ake zuwa da safe a koma gida. Cike yake a lokacin. Ga mai harsashi a cinya yana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu, ga wata da wuta ta ci ana miƙar mata da fata tana ihu. Ma'aikacin wurin, Malam Jibrin, yakan tsoma hannun a ruwan ɗumi, sannan ya riƙa buɗe yatsun.

"Baba, da ka ji zafi ka faɗa in tsaya. Da bakinka nake aiki."

To, Gidaɗo ya sha bulalar sharo yana saurayi, yana murmushi. Ba a gaban 'yan birni zai ce wayyo ba. Jibrin na ja yana tambaya, shi yana cewa a ƙara, gumi na zuba, leɓe na jini. Rannan sai aka ji ɗas, kamar igiyar guga ta tsinke. Jijiyar da aka ɗinke ce. Yatsun suka saki, suka yi laƙwas.

Jibrin ya dafe kai yana salati. Gidaɗo ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ga shi sun buɗe.

Likita ya ce ba za su ƙara riƙe komai ba. Jibrin da kansa ya kai wa baduku awon hannun, aka ɗinko maɗaurin fata mai gurbin cokali. Da shi Gidaɗo ya koma cin tuwo cikin dattawa, rabin loma a baki, rabi a riga. Ma'u ce ke ɗaura masa a soro kafin ya fita, har ya koma ga Allah.