Kyamarar da Ba Ta Ƙara

Jama'a, yau na kusa shan kunya a Dandin Mahe!

Hoton suna na je ɗauka. Na aro sabuwar kyamara marar madubi, in gwada kafin in sayar da tsohuwar kyamarata. Ashe shiru take ɗauka!

Kakan jariri ya gyara hula, ya ƙame gaban rago. Na ɗauki hoto goma, bai motsa ba.

Ya ce, "Mi kaka jira? Rana na cin mu!"

Na ce, "Baba, ai na gama."

Ya ce, "Ban ji ƙara ba. Wasa ka zo yi muna?"

Na nuna masa hotunan, ya ƙi kallo. Da sauri na zaro tsohuwar, na danna. Ƙaras!

Ya ce, "Yauwa, ko kai fa!"

Wallahi ko katin ajiye hoto babu cikinta. Yanzu wacce zan riƙe?